Kibiyar Kwamfuta Ta Ƙi Bin Hannuna

Gwaggo Mashkura, don Allah ki cece ni, aiki zai kuɓuce mini.

Wata biyu ke nan da na baro rugarmu wajen Kafin Hausa na zo Dutse. Aji huɗu na yi a firamare. Alhaji Nata'ala, abokin kawuna, ya ɗauke ni a shagonsa na buga takardu a Takur, wai in koyi kwamfuta. To akwai abin nan da ake turawa da hannu, maus, mai ƙwallo a ciki. Alhaji ya sayo sabo daga Kano, mai ƙusumbi, ya ce an ƙera shi daidai tafin hannu don kada mutum ya gaji.

Gwaggo, ni na gaji. Shanu arba'in na kora, ko ɗaya ba ta taɓa fin ƙarfina ba, amma kibiyar nan da maus ke motsawa a fuskar kwamfuta in na ce gabas sai ta yi kudu. Ina damƙe maus ɗin kamar sanda, wuyan hannuna har ya kumbura. Jiya na bi ta har teburi ya ƙare, na ci gaba a kan cinyata. Takardar ɗaurin auren wani malami ta fito sau goma sha tara.

Wallahi ina kula da maus ɗin nan. Ɗan faifan da ake ɗora shi a kai ma, hoton wata Baturiya ne ba ɗankwali, ga shi an ƙaddamar da shari'a, sai na ɓoye shi, na shimfiɗa masa fatar ragon layya mai laushi. Tun ranar ya ƙara taurin kai. Alhaji ya ce zuwa Juma'a in ban iya ba in koma wajen shanu. Ko sammu ne?

Baƙon Takur

Ɗana Baƙon Takur,

Ba sammu ba ne, gashin rago ne. Ƙwallon nan sai ya gangara a wuri mai santsi kibiya ke tafiya daidai, kai kuwa ka cusa masa gashi. Kifa maus ɗin, murɗe zoben ƙasa, ciro ƙwallon, ka tsince abin da ya naɗe ciki, ka goge da busasshen ƙyalle. Ban da ruwa.

Kunyarka abin yabo ce, amma Alhaji ma yana da gaskiya: takarda goma sha tara ba wasa ba ce, kuma ka ɓoye kayansa bai sani ba. Faɗa masa yau, kada ka jira Juma'a. Ku sa kwali mai tsabta kafin a samo faifai marar hoto.

Sannan sassauta riƙo. Ɗora hannu kawai, kamar kana shafa ɗan maraƙi. In teburi ya ƙare, ɗaga shi ka dawo da shi tsakiya, kibiyar za ta jira ka, ba saniya ba ce.

Fatar kuwa kai ta gida ka yi salla a kai, ka roƙa wa Alhaji ƙarin haƙuri. Allah ya zaunar da kai a aikinka.

Gwaggo Mashkura