Inna, Ashe Kin Iya Hawan Ɗunya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Gummi lafiya lau. An yanke gero, shinkafar fadama ta fara nuna. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Zan sa ta ne a shafina na intanet, inda na saba sa hotunan tsuntsaye, masu karatu su yi mini haƙuri, yau ba da su nake ba. Tambayoyi ne suka taru mini, kuma ke ce mai amsarsu.

Bari in fara da Baba, don na san shi za ki fara tambaya. Bayan rasuwarki abinci ya fita ransa. Yaya Bello ya kai shi asibiti, aka duba, aka ce ba wani ciwo sai tsufa. Amma ko tuwo aka kai masa, sai ya taɓa kaɗan ya ture kwano. Rigunansa suka yi masa yawa. Idan na zo daga gidana da yamma na same shi a zaure, sai in ga kamar an rage shi a kan na jiya.

Kin san ni da gashe-gashe. Na ce bari in biyo masa ta nan. Na gasa masa kek a tukunyar yashi, cikin gwangwanayen madara, garwashi a kan murfi, yadda nake yi wa masu biki. Ya gutsura, ya tauna, ya ajiye. Ya ce, "Zaƙin sukari tsaya min yake ga maƙoshi. Da dai abin nan ne da Innarku ke gasawa a Adabka."

Wane abu, Inna? Ni a Gummi kika haife ni. Na san masarki, na san alkakinki na salla, na san nakiyarki. Ban taɓa jin kina da wani gashi na Adabka ba. Baba ma bai san sunansa ba. Ya ce baƙi ne, mai laushi, zaƙinsa ba ya hawa kai, kuma yana barin ɗan tsami a baki. Da na tambaye shi abin da kike sawa a ciki, sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaushe kika taɓa ganina cikin madafa?"

Na kira Goggo Hajo a Bukkuyum, ƙanwar Baba, tunda da ita kuka zauna a Adabka kina amarya. Ta ce ita dai ta san hannunki bai zama wuri ɗaya, wanne daga ciki za ta tuna?

Sai na shiga gwaji. Na ajiye sukari gefe, na nemo duk abin da ƙasar nan ke da shi mai zaƙi. Na sa zumar da Bafulatanar da ke kawo mana nono ta samo mini. Baba ya ce ƙamshi ya yi, amma ba shi ba ne. Na jiƙa dabino na daka, ya ce wannan na buɗa-baki ne. Mazarƙwaila ta fi kusa a launi, har ya ci rabi, na yi ta murna, washegari ya ƙi taɓawa. Na kankare goriba har yatsuna suka yi ciwo. Na garin ɗorawa kuwa, Inna, bai tashi ba, ya fito rawaya, da nauyi kamar bulo. Kajin gidana ma sai da suka zagaya shi suna shawara kafin su sa baki.

Akwai kuma wani hali da na ɗauka bayanki, ba ki san ni da shi ba. Ranakun da ba ni da aiki, idan na sallami maigida, nakan ɗauki waya in gangara bakin gulbi in yi ta ɗaukar hoto. Mu ba mu da wurin shaƙatawa irin na birni mai shinge da kujeru. Namu shi ne lambunan fadama, da inuwar mangwaron bayan makarantar sakandare. Da farko gudun zaman ɗaki ne ya fitar da ni. Daga baya sai abin ya kama ni. Ashe zalɓe na iya tsayawa a ruwa har ƙafata ta gaji shi bai motsa ba. Ashe idan rana ta take, balbela ba ta fitowa a hoto sai wani farin tabo, dole sai da sanyin safiya, rana tana bayana. Kuma har yau ina mamakin wanda ke gaya wa shamuwa lokacin tafiya ya yi.

Kin san yadda ƙasarmu ta zama. Ba a nisa da gari, kuma mai ɗaukar hoto abin tsoro ne. Wata safiya ina tsugune bayan shingen wani lambu, sai na ji murya a kaina. Mai lambun ne, Malam Umaru, dattijo, da fartanya a kafaɗa, fuska ba fara'a. Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya aiko ki? Wa kike kai wa hoton gonakinmu?" Na san abin da yake zargi, na kuma san yadda irin wannan zargin ke ƙarewa. Na gaya masa ko ɗiyar wace ce ni, na miƙa masa wayar. Ya yi ta turawa da babban yatsa. Zalɓe, kurciya, ƙadangare, furen kuɓewa, zalɓe kuma. Can ya ce, "To ke duk wanga wahala don tsuntsu?" Na ce don tsuntsu. Ya yi dariya har fartanyar ta zame. Tun ranar, in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya nuna mini inda suka sauka.

A ƙarshen lambunsa ne na ɗauki cilakowa. Tana kan wani babban icce, ta cafko wani baƙin ɗan icce da dogon bakin nan nata, ta jefa sama za ta haɗiye. Hoton ya fito tas. Da yamma na kai wa Baba, don in ga ko zai ɗan saki fuska. Na buɗe masa hoton da yatsu biyu, ya matso da shi kusa da ido. Bai kula tsuntsuwar ba sam. Ganyen yake kallo, da 'ya'yan da suka yi baƙi a reshe. Sannan ya ce, "Ɗunya ce wannan. Lokacin da Innarku ke gashin nan, kaka ne, kuma tafin hannunta baƙi ƙirin yake zama. Har ina yi mata tsiya, in ce ta yi lalle da gawayi."

Ɗunya, Inna! Ni da na sha alewarta tun ina ƙarama, ko sau ɗaya ban kawo ta a raina ba, don ban taɓa jin an sa maɗi a abin gashi ba.

Na sake kiran Goggo. Ina ambaton ɗunya ta yi salati ta fashe da dariya, layi na yankewa ina sake kira. Ta ce a lokacin sukari sai ranar kasuwa, kasuwar kuma da nisa, ga abokan ango suna zuwa gaisuwa, ke kuma ba ki son a tashi baki a bushe. Sai kika dafa maɗin ɗunya har ya yi kauri, kika kwaɓa shi da garin gero da ɗan na alkama, da nono da man shanu, kika gasa a kasko. Ba wanda ya koya miki. Ta ce kuma ba ki jiran ɗunya ta faɗo. Da sassafe kike ɗaure zane ki hau, ki girgiza, ita tana ƙasa tana tsincewa tana gadin hanya.

Sannan ta ba ni labarin da ya sa na zauna a ƙasa. Wata rana kina sama, sai ga Kaka, mahaifin Baba, ya dawo daga kewayen gona. Goggo ta ruga ta bar ƙwarya. Shi kuwa ya sami inuwa, ya zauna a gindin iccen, ya ciro carbi. Ke amarya, ga suruki a ƙasa, ba halin sauka, ba halin tari. Kika lafe a reshe har hantsi ya yi, cinnaku na cizonki. Da ya gama hutawa ya tashi, ya ɗauki ƙwaryar ya gyara mata zama a gindin iccen, ya tafi bai ɗaga kai ba. Goggo ta ce har ya rasu ba ku san ko ya gan ki ba.

Ya gan ki, Inna? Me kika yi ta tunani a can sama? Me ya sa kika daina gashin da kuka dawo Gummi? Mu ne muka cika miki hannu, ko sukari ne ya zo kusa? Na yi zaton na san ki ciki da waje, ashe rabin da ya zama uwata kaɗai na sani. Wancan rabin, mai hawan icce, da na so in yi ƙawance da ita.

Baba bai taɓa jin labarin Kaka ba sai a bakina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya share ido da bakin riga.

Malam Umaru ya bar ni na tsinci ɗunya cike da kwano. Ban hau ba, kada ki damu. Na jiƙa, na murje, na tace, na dafa har ya koma baƙi yana naɗewa a ludayi. Na kwaɓa yadda Goggo ta faɗa, na gasa a kasko. Na farko ya yi ruwa. Na biyu ya kama jikinsa. Na kai wa Baba da ɗuminsa, na zauna nesa kaɗan ina satar kallonsa. Ya ci ɗaya. Ya ɗauki na biyu. Sai ya ce, "Nata kullum gefe ɗaya a ƙone yake. Ban taɓa gaya mata ba." Ya cinye, ya ce a haɗa masa shayi. Tun daga ranar yana cin tuwonsa, ba da yawa ba, amma kwano na dawowa da sauƙi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, ya ce yana son ganin iccen. Adabka ba ta zuwuwa yanzu saboda rashin tsaro, sai Yaya Bello ya goya shi a babur zuwa lambun Malam Umaru, ni na bi su a ƙasa. Ya dafa jikin ɗunyar, ya ɗaga kai yana duban rassan, kamar mai auna wanda zai iya ɗaukar mutum. Sannan ya zauna a kan saiwa, ya gyara hula, ya ce in ɗauke shi hoto. Na durƙusa na saita shi a tsakiya. Sai ya matsa gefe, ya dafa saiwar da ke damansa, ya ce, "A'a, Saratu. Ja baya kaɗan. Ki bar mata wurinta."

Na ja baya, Inna. Na bar miki.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Allah Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, Ya zaunar da ke a inuwar da ba ta gushewa. Ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin zuciya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa mu da ke cikin rahamarSa. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai kewarki,
Saratu
Gummi