Makon da Aka Cire Sunana

Litinin, 6 ga Maris

Yau na gane. A ƙofar makaranta na gane, ba a asibiti ba, ba a maƙabarta ba.

Makonmu ne. Shekara shida haka ake yi: Jette ta yi mako ɗaya wurin uwarta Maren, mako ɗaya wurin ubanta Torben da ni, a yi musaya ranar Litinin in an tashi. Na je da keke kamar kullum. Malamarsu ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, yanzu sunanki ba ya cikin masu ɗaukar ta." Maren ta riga ta tafi da ita.

Ashe da Torben ya mutu, makon ma ya mutu. Yau kwana goma sha biyu da binne shi.

Alhamis, 9 ga Maris

Na kira Maren. "Yarinya gida ɗaya take buƙata yanzu, Wiebke. Kuma ai ba ke kika haife ta ba." Na sani.

Na dafa dankali na mutum uku.

Talata, 21 ga Maris

Yayata Dörte ta ja ni wurin lauya. "Tashi, sarauniyar kuka, sa rigar da ba ta warin kifin kamfaninku."

Lauya Oltmanns ba ta ɓoye mini komai ba. Riƙo na Maren ne, ko da mun yi aure da Torben ma haka abin yake. Amma doka ta san wanda ya raini yaro a gida ɗaya shekara da shekaru. Zan iya neman ranakun ganin ta, in kotu ta ga alheri ne ga yarinyar. "Kawo mini shaida," in ji ta.

Wace shaida? Takardun likita, na makaranta, duk Torben ne ya sa hannu. Ni nawa cire ƙwarƙwata da ɗinke safa.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Dörte!

Tana neman hoton Torben a wayata sai ta yi tsalle. "Ke dai doluwa ce, kina zaune kan shaida!" Saƙonnin Maren ne, tun Jette na shekara uku. "Wiebke, lambar takalminta nawa yanzu?" "Me kika ba ta tarin ya tsaya?" "Don Allah ki kai ta ninƙaya, ina aiki." Mun buga su, shafi arba'in da ɗaya. Ban taɓa goge ko ɗaya ba, ba don wayo ba, ban iya gogewa ba ne.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Na hango jar hular Jette daga cikin bas. Ban sauka ba.

Laraba, 17 ga Mayu

MUN CI.

Yau aka yi zaman kotu. Lauyan Maren ya ce ni budurwar uban ce kawai. Oltmanns ko kallon sa ba ta yi ba, ta buɗe shafi na sha bakwai ta fara karantawa. A saƙo na huɗu Maren ta ce, "Ya isa. Ni na rubuta."

Alƙaliya ta riga ta gana da Jette ita kaɗai. Ta faɗa mana kaɗan daga abin da ta ce: Mama ce uwarta, amma Wibi, wato ni, ce ta san labaran Baba duka, har na ranar da ya faɗa ruwa da wandon aiki. Na rufe baki da hannu. Ni, a gaban alƙaliya, ban san ko dariya nake ba ko kuka.

Asabar zuwa Lahadi, duk bayan mako biyu. Da mako guda a hutun bazara. A rubuce, da sunana cikakke, Wiebke Harms, kusa da nata.

Dörte ta yi ihu a baranda har mai gadi ya leƙo. Muka tafi bakin tashar jirgi, na ci burodi da kifi har biyu. Rabona da jin yunwa tun Fabrairu.

Asabar, 10 ga Yuni

Jette ta zo! Ta yi tsawo, haƙori ɗaya ya fita. Ko gaisuwa babu: "Wibi, kin shayar da tumatir ɗina?" Na shayar, 'yar nema. Ta shiga ɗakinta ta fito ta ce komai na nan. To da ina za shi?

Maren ce ta kawo ta. Ana yayyafi, ta tsaya a ƙofa da jakar Jette, ta rame. Sai yau na tuna ita ma shekara tara ta yi da Torben. Na ce ta shigo ta sha shayi, don ruwan sama kawai. Ta zauna a kujerarsa. Ban ce ta tashi ba.

Jette ta ce tana so mu kai ta kabarin Baba, mu biyu. Maren ta kalli kofinta, ni na kalli taga. Ba mu sa rana ba tukuna.