Na'ura Ta Cire Man Kaɗen Ramatou

Hajiya Karimatu, don Allah ki agaza mini da shawara, abin daɗi ne ya zo mini da damuwa. Sabulu nake yi a nan Malanville, ƙasar Benin. Ƙanena Khalidu yana aiki a wani ɗakin gwaji a Kwatano, inda na'ura ke haɗa sinadarai da kanta. Takan kwaɓa ɗan kaɗan, ta auna kumfa da tauri, sannan ta duba sakamakon ta zaɓi haɗin da za ta gwada gaba. Da ya zo Sallah ya ɗebi kayan haɗina ya tafi da su, ina ta yi mishi dariya.

Hajiya, haɗin da ya aiko mini, ko da ruwan rijiya kumfa har gwiwar hannu! Matan Gaya na ƙetaro gada takanas, 'yan Kamba na sari. Maigidana da ke cewa warin soda ya kore shi daga tsakar gida, yanzu shi ke ɗaura kwali bisa babur.

To amma na'urar ta cire man kaɗe kwata-kwata, ta sa man alayyadi. Aminiyata Ramatou ta Guéné ke kawo mini man nan tun ina amarya, da shi take riƙe gidanta. Ranar kasuwa ta iso da robobi cike tana murna, na karɓa kamar yadda na saba. Suna nan bayan ƙofa. Yaya zan yi?

Mai Sabulu, Malanville

'Yar'uwa, barka da kasuwa! Kada ki ji kunyar sabon haɗin, halalinki ne. Ramatou ma tana da haƙƙi, kuma ɓoye mata ya fi rashin cinikin ciwo.

Na'ura abin da aka tambaye ta take amsawa. Kumfa aka nema, ta ba da kumfa. Ba ta san Ramatou ba. Ki kira Khalidu, ya sake gwajin da sharaɗin lalle man kaɗe ya zauna ciki, a nemi laushin fata. Sai ki samu sabulu biyu, na wanki da na wanka.

Amma kafin amsa ta zo, hau babur ki je Guéné. Kai mata sabon sabulun, ki faɗa mata gaskiya da bakinki, kada ta ji a kasuwa. Allah ya ƙara buɗi, ya bar ku tare.

Hajiya Karimatu