Saƙon da Ban Kwance Ba

Ni, Chaibou Marwa, mazaunin La Courneuve kusa da Paris, na rubuta wannan da cikakken hankalina. Likita ya shaida hankalin, zuciyar ce dai ya ƙi tsaya mata. Ina sanar da duniya cewa babban akwatina na tafiya, mai taya uku, na bar wa ɗana Muntaka.

1. Ɗiyata Batula, littattafaina naki ne. Na shari'a suna can ƙasa. Sai da aka gama yanke mini hukunci na karance su, kamar yadda masu ilimi suka saba.

2. Kun san akwatin. A cikinsa na ɗauko ƙunshin wata dattijuwa daga filin jirgin Yamai, ta ce yaji ne na ɗiyarta da ke Château Rouge. A wurinmu ba a kwance saƙo, kwancewa zargi ne. Ƴan duwan, masu binciken kaya a filin jirgin Paris, ba su da wannan kunyar. Yaji a sama, haramtattun ƙwayoyi a ƙasa. Na yi wa alƙali bayanin niyya da kyakkyawan Faransanci, har da misalai. Ya saurara, sannan ya ce dokar kaya tana fara tambayar a hannun wa aka same su, kuma wanda ya ƙi dubawa ba zai fake da rashin sani ba. Tun daga nan takardar zamana ta koma ta wucin gadi. In na fita ba lalle in dawo ba, maganina kuma nan yake. Haka aka binne innata a Damagaram ina kallo ta waya.

3. In hali ya yi, ku kai ni kusa da ita. Gawa ba ta neman izinin dawowa.

4. Bara a Lyon, gwaggonku Huraira ta kai wa Muntaka saƙo a unguwar Guillotière lokacin da zai tafi gida. Ya kwance shi a gabanta, ƙulli bayan ƙulli. Ta yi kuka. Na ce wannan ba tarbiyyata ba ce, na hana ku kiransa. Ina zaune cikin tarko ina koyar da ladabi. Ɗiyana Batula da Mutmainna, na janye hanin. Ku kira shi yau, kada ku jira zaman makoki. Ku kai shi ya gaida gwaggonku, amma kada ku sa shi ya ba da haƙuri.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada jirgin Lyon ya yi muku nisa.

Muntaka, duk abin da aka ba ka, ka kwance. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure.