Fuskar Inna Ladi

Laraba da dare, Riruwai.

Gobe za mu haska fim ɗina na masu haƙar kuza a filin makaranta, wanda ya ciyo mini lambar yabo. Yau na kai wa Inna Ladi ta fara gani a kwamfuta, tunda ita ta ba da labarin yadda rami ya rufta da mijinta.

Ba a je rabi ba babban ɗanta ya rufe kwamfutar. Ya ce, "Malama, kin nuna wa duniya mahaifiyata tana kuka, an tafa miki. A garin nan kam ba za a kalle ta ba."

Ita ta ba ni izini, amma ban taɓa tunanin 'ya'yanta ba. In kuma na cire ta, me ya rage a fim ɗin?

Da zan tafi ta biyo ni zaure, ta ce, "'Yata, bar maganata a ji. Fuskar ce za ki rufe, saboda shi."

Tun magariba nake zaune gaban fuskar nan, na kasa taɓa ta.