Harbi Uku a Gonar Clyde

Dallas, 12 ga Oktoba, 1986

'Yata Darlene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya tarin 'yar autar? Ni lafiya lau, sai ciwon gwiwa, sai kuma gidan da ya yi mini faɗi tun rasuwar babanki.

Jiya Hollis, aminin babanki, ya kawo mini saƙon ƙungiyarsu, masu taruwa a gidan gashin naman nan duk wata suna muhawara kan kisan Shugaban Ƙasa da aka yi a nan Dallas a 1963. Suna so in yi jawabi a taron Nuwamba a madadin babanki Vernon. Kin san inda ya tsaya har ya koma ga Allah: saurayin da aka kama ɗora masa laifin aka yi. Babbar hujjarsa ita ce, babu wanda zai iya harbi uku da irin wannan tsohuwar bindigar cikin 'yan daƙiƙun nan, daga bene na shida, har ya sami mutum a mota tana tafiya.

Na amsa musu. Amma fiye da shekara ashirin ina zuba masa kofi ina jin wannan magana, ban taɓa ganin ya gwada ba. Ya sayi irin bindigar, ya rataye ta a bango, yana nuna wa baƙi taurinta. Ni ba zan tsaya gaban jama'a in rantse kan abin da idona bai gani ba. Zan kai ta gonar kawunki Clyde.

Ki sumbaci yaran.

Mamanki,
Loretta

2 ga Nuwamba, 1986

Darlene tawa,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da tarin ya lafa.

Mun gwada. Na hau saman rumbun ciyawa, Clyde ya ɗaura allo a bayan tirela yana ja da tarakta da doguwar igiya, matarsa Opal ta riƙe agogo. Rabona da bindiga tun ina budurwa muna farautar barewa da kakanki. Ranar farko sai cijewa take yi, na ji daɗi a raina. Clyde ya wanke ta, ya sa mata mai. Da na saba da ita, na saki uku kafin Opal ta ɗaga hannu, biyu suka huda allon. Na sake, haka.

Clyde ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Yaya, mu bar shi a nan tsakaninmu. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni."

Na zauna a kan ciyawar na yi kuka, don na zo ne in kasa. Tsohuwa mai tabarau ta iya. Ina ga saurayin da aka kama, wanda ya yi aikin soja?

Kin ce idan gwajin ya ƙaryata shi in yi ƙaryar rashin lafiya, in bar babanki da mutuncinsa. Na san ƙauna ce ta sa ki faɗi haka. Amma mutumin da na aura ya ɓata da fasto, ya ɓata da maƙwabta, duk don ya ƙi a ce masa "yi shiru, an riga an gama magana". Ba zan kare shi da abin da ya fi tsana ba. Zan je.

Taki har kullum,
Mama

30 ga Nuwamba, 1986

'Yata abin ƙaunata,

Ina gaishe ku duka, da fatan sanyin nan bai taɓa yaran ba.

Ɗakin ya cika, hoton babanki a kan tebur. Na ɗauko allon na jingina shi kusa da hoton, na faɗi abin da ya faru. Na ce bindigar ta saurayin ce, an sami shatin tafin hannunsa a jikinta, kuma harbin mai yiwuwa ne. Na ce abu ɗaya Vernon ya yi gaskiya a kai wanda babu mai ture shi: an kashe wanda ake zargi kafin ya tsaya gaban alƙali, babu lauyan da ya taɓa yi wa shaidun tambaya a madadinsa.

Ba su bari na kai ƙarshe ba. Wata ta ce, "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!" Hollis ya miƙe ya ce, "Nawa gwamnati ta ba ki, Loretta? Ko kofi kawai suka saya miki?" Aka yi dariya. Na ce, "Bindigar tana gonar Clyde, Hollis. Hannu biyu gare ka." Rabin ɗakin suka fita ba su taɓa naman ba.

Ranar Asabar sai ga shi a gonar, ko gaishe ni bai yi ba. Ya hau rumbun ya yini yana harbi. Wajen la'asar ya sauko, ya sa yatsa a ramukan allon, ya zauna a bayan motarsa, hularsa a gwiwa.

Ya ce, "Aurena na farko a kan maganar nan ya mutu."

Opal ta kawo burodin masara, ya ci kaɗan. Can ya ɗago ya ce, "To waɗanda suka ce sun ga hayaƙin wata bindiga a bayan shinge ranar kisan fa? Su ma ƙarya suka yi?"

Na ce ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Akwai mace ɗaya cikin waɗanda suka tsaya a wurin da take raye a garin Waco. Na kira ta, ta yarda mu zo ranar Talata. Hollis ne zai tuƙa. Na gargaɗe shi tun yanzu: duk abin da ta faɗa, ya yi masa daɗi ko bai yi ba, da shi za mu dawo.

Ƙungiyar ta cire sunana. Kada ki damu da ni. Na fi wata shida ban ci abinci da marmari kamar makon nan ba.

Allah Ya tsare mini ku.

Mamanki mai ƙaunarki,
Loretta Pruitt