Rabin Kuɗin Gidan Tasawa

Tasawa

Zuwa ga ɗiyata Zara'u,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da yara kuna lahiya, da aikin asibiti. Gidan da kika sa ni nema ya samu, bayan tasha, ɗaki uku da rijiya. Mai shi Malam Sama'ila ne, gadon ubansu. Mun daidaita a miliyan shida.

Na je biron impo, ofishin haraji. An ce mani bayan tambur da za a manna wa takardar ciniki, akwai kuɗin rajista, kuma mai saye ke biya. Gwargwadon tsadar gida, gwargwadon abin da za a cire. Don kuɗin rajistar ya ragu, Sama'ila ya yarda a rubuta miliyan uku a takarda, sauran a ba shi a hannu. Haka mutane ke yi.

Kawunki, Gajere

Mayahi

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da Inna Zuhura. Na ga saƙo. Abin bai kwanta mani ba. Na tambayi wata abokiyar aikina, ta ce rajistar ita ce shaidar gwamnati cewa an yi ciniki, kuma ranar rigima abin da ke rubuce alƙali ke dubawa. Sai dai tun rasuwar baban yara ni kaɗai ke biyan haya da kuɗin lakwal na karatunsu, abin da na tara kuma ya tsaya daidai kuɗin gidan. In ka amince da mutumin, a yi yadda ka ce. Zan zo ranar Lahadi.

Ɗiyarka, Zara'u

Tasawa

Zara'u,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, don ina jiran abin ya wuce, bai wuce ba. Wata ƙanwar Sama'ila da ke aure a Korgom ta kai ƙara, ta ce ba a raba gadon ba aka sayar, ba ta kuma sani ba. Jiya alƙali ya warware cinikin. Ya ce a maida maki kuɗinki, ya karanto miliyan uku.

Na tashi na ce shida ne. Ya tambaye ni shaida. Na dubi Sama'ila, shi kuma ya dubi ƙasa ya ce: "Abin da ke takarda, shi na sani."

Shekara talatin muna sallah sahu ɗaya da shi. Da yamma na bi shi gida, aka ce ya tafi Maraɗi. Kuɗin tambur da na rajista ma ba a maidawa.

Ni na kawo shawarar. Na yi magana da dillali, zan sayar da shanun noma da gonata ta Kona. Ba za su cika ukun ba, amma za su rage.

Kawunki, Gajere

Mayahi

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karɓi miliyan ukun ta hannun Imrana direba.

Kada ka sayar da shanu, kada ka taɓa gonar. Ga damina ta matso, mutum goma ke ci daga gare ta. Kai ba ka yi boko ba, ni na yi, na karanta takardar har ƙasa kafin in sa hannu.

Na ƙara wa mai gidan haya shekara ɗaya. Yara sun tambayi yaushe za mu tashi, na ce masu ba bana ba.

A gaida Inna.

Zara'u